Ƙasar da Baƙi Suka Kira Hamada



Mu mutane ne da idanunmu suka saba auna ƙasa da itatuwanta. Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, in sun hango kuka ko tsamiya daga nesa sun san akwai gari ko kufai, in sun ga giginya ko goriba sun san ruwa bai yi nisa ba. Wurin da babu itace kuwa, sunansa a bakinmu faƙo, ba a yada zango a cikinsa sai dole. Wannan ma'auni ya yi mana amfani a ƙasashen da muka sani. Amma akwai wata ƙasa a tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa inda kallon sama-sama ya ruɗi baƙi har sau biyu. Da fari sun raina ta, daga baya suka ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. A duka biyun ba su duba inda ranta yake ba.

Faransawan da suka fara kutsawa yankin sun kira shi fireri, wato makiyaya. Fili ne shimfiɗaɗɗe na ciyawa, wanda ya taso daga lardunan Alberta da Saskatchewan da Manitoba na Kanada, ya gangaro kudu har Texas da arewacin Meziko. Ta yamma ya jingina da Duwatsun Roki, ta gabas ya kai jihar Illinois. A shekarar 1820 wani hafsan sojan Amurka mai suna Stephen Long ya jagoranci ayarin bincike ya ratsa yammacin wannan fili. Taswirar da ta fito daga tafiyar ta raɗa wa wurin suna Babbar Hamada. Ya ga ƙarancin ruwa, kuma a nan ya faɗi gaskiya. Sai dai wannan hamadar tana ciyar da dabbobi miliyoyi da al'ummu masu yawa tun shekaru aru-aru.

Mafarin yanayin wurin yana ga duwatsun yamma. Iskar da ke ɗauko damshi daga Tekun Fasifik takan zubar da ruwanta a kan duwatsu, ta sauko bayansu a bushe. Akasarin ruwan da filin ke samu daga kudu yake zuwa, daga Mashigin Tekun Meziko, kuma yana raguwa gwargwadon yadda mutum ya nausa yamma. A gefen gabas akan sami kusan milimita 1,000 a shekara, kamar rabon Garwa. A gindin duwatsu kuwa da ƙyar yake kai milimita 400, wato kusa da rabon Damagaram. Ciyawa ta bi wannan tsani daki-daki: doguwa a gabas, wadda kan shanye mutum a tsaye, matsakaiciya a tsakiya, sai gajera a yamma, wadda ba ta cika wuce idon sawu ba.

Inda suka sha bamban da mu ƙwarai shi ne sanyi. Babu wani dutse da ya gitta tsakanin ƙanƙarar arewacin duniya da ɗumin tekun kudu, saboda haka iskokin biyu suna kai da komowa a filin ba mai tare su. A cikin shekara guda, 1936, jihar Dakota ta Arewa ta ga sanyin digiri 51 ƙasa da sifili a watan Fabrairu, sannan ta ga zafin digiri 49 a watan Yuli. A garin Spearfish na Dakota ta Kudu, ranar 22 ga Janairun 1943, wata busasshiyar iska mai ɗumi ta sauko daga tuddai ta ɗaga ma'aunin zafi da digiri 27 cikin minti biyu. Ranar 12 ga Janairun 1888 gari ya waye da sauƙin sanyi, yara suka tafi makaranta ba tare da tufafi masu kauri ba. Da rana guguwar dusar ƙanƙara ta rufto, mutum 235 suka rasu, da yawa daga cikinsu yara ne da suka ɓace a hanyar komawa gida. Idan sanyi ya janye kuma, karon iska mai sanyi da mai ɗumi yakan haifi mahaukaciyar guguwa mai murɗawa. Irinta ce ta share kusan dukan garin Greensburg na jihar Kansas a daren 4 ga Mayun 2007. Bayan duk waɗannan akwai fari, wanda yake zuwa ya zauna shekaru, ya tafi, ya sake dawowa.

A irin wannan ƙasa itace yana shan wahala in ba a bakin kogi ba. Toho da rassansa duk suna sama, inda iska ke busar da su, wuta ke lasar su. Ciyawa kuwa ta ɓoye idon tsironta a daidai fuskar ƙasa ko ƙarƙashinta. A ƙone ta, a cinye ta, ƙanƙara ta danne ta wata huɗu, da zarar damshi ya samu sai ta sake fitowa. Wani masanin tsirrai na Jami'ar Nebraska, John Weaver, ya kwashe shekaru masu yawa yana haƙa ramuka masu zurfi a filin, yana bin saiwoyi ɗaya bayan ɗaya yana zana su. Ya nuna cewa saiwar doguwar ciyawa tana nutsawa mita biyu har fiye, wasu tsirrai masu fure kuma sun ninka haka. Mafi yawan jikin wannan makiyaya yana ƙarƙashin ƙasa, abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne. Kowace shekara wani sashe na saiwoyin yakan mutu ya ruɓe a inda yake, sabo ya maye gurbinsa. Haka aka yi ta yi shekaru dubbai, har aka tara baƙar ƙasa mai zurfi wadda take cikin mafi albarka a duniya. Saiwoyin nan kuma su ne suka saƙe ƙasar kamar tabarma, suka hana iska ɗaukarta.

Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, sarauniyar dogayen ciyayin wurin 'yar gidan su gamba ce. Masana sun sa su a jinsi guda. Gambar da muke saƙa zana da ita da wannan ciyawa, wadda manoman Amurka ke kira ƙafar talo-talo saboda kanta ya rabu uku, dangi ne na kusa, teku ce kawai ta raba su. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tumɓuke gindin gamba da hannu ya san irin riƙon da muke nufi.

Abu na biyu da ya tsare filin shi ne wuta. Tsawa takan tayar da ita, amma mutanen ƙasar na asali su ma sun riƙa kunna ta da gangan, a lokacin da suka zaɓa, domin sun san ɗanyen tsiron da ke fitowa bayan toka yana jawo namun daji. Wutar takan cinye busasshiyar ciyawa da ƙananan itatuwa, ta wuce da sauri, saiwa tana kwance lafiya a ƙasa. A tashar bincike ta Konza, wadda Jami'ar Jihar Kansas ke kula da ita tun farkon shekarun 1970, an raba fili kashi-kashi, wani ana ƙona shi duk shekara, wani bayan 'yan shekaru, wani kuma a bar shi da daɗewa. Wanda aka daɗe ba a ƙona ba, sai sarƙaƙiya da itatuwa suka mamaye shi, ciyawa ta ja da baya.

Abu na uku shi ne kofato. Ɓaunan Amurka ya bambanta da namu: yana da tozo babba da gashi mai kauri a kai da kafaɗu, bijiminsa kan kai kilo 900, kuma duk da nauyinsa yana gudun da ya wuce kilomita 50 a sa'a. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, yakan share ta da kansa ya ci abin da ke ƙasa. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa yawansu ya kai miliyan 30 ko fiye. Suna bin sawun wuta, su ci sabon tsiro, su bar taki, su yi gaba. Inda suka yi birgima yakan zama ɗan kwari mai tara ruwan sama, kwaɗi da ƙwari su samu wurin haihuwa. Da yake ciyawa suka fi so, suna rage mata ƙarfi, ƙananan tsirrai masu fure su samu hasken rana. A Konza an mayar da ɓaunaye a 1987, kuma bayan kusan shekara talatin aka tarar nau'o'in tsirrai na asali a inda suke kiwo sun kusa ninka na inda babu su. Ga al'ummun Lakota da Cheyenne da Comanche da Blackfoot kuwa, wannan dabba ita ce abinci, fatarta ita ce tanti da sutura, ƙashinta kayan aiki, busasshen kashinta kuma makamashi a ƙasar da babu itacen girki.

Tun da ciyawa ta koma ƙarƙashin ƙasa, dabbobi da yawa sun bi ta can. Akwai wani ɗan'uwan kurege wanda Turawa suka kira karen fireri saboda kukansa mai kama da haushi. Yana zama jama'a-jama'a, yana gina garuruwa na ramuka masu ɗakuna da hanyoyi, da masu gadi da ke tsayawa a bakin rami suna ba da sanarwa idan shaho ko dilan wurin ya doso. A farkon ƙarni na 20 an ba da rahoton wani gari nasu a Texas da aka ƙiyasta faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 65,000. Haƙarsu tana juya ƙasa, tana buɗe wa ruwa hanya. Ramukan da suka bari kuma suna zama gidan wata ƙaramar mujiya mai dogayen ƙafafu, da macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya. Wata siririyar dabba mai baƙaƙen ƙafafu, mai kama da tunku, kusan ba ta da abinci sai su, ba ta da makwanci sai raminsu.

Wanda bai iya haƙa ba, sai ya iya gudu. Akwai wata dabba mai siffar barewa, mai ƙaho mai reshe, wadda gudunta ya kusa kilomita 90 a sa'a, babu mai kamo ta a duk nahiyar. Ko da yake ta yi kama da barewa, danginta mafi kusa da suka rage a duniya su ne raƙumin dawa da ɗan'uwansa na dazukan Kwango. Da yake a fili marar shinge ta tashi, ba ta saba tsallake ba, ta fi son ta kutsa ta ƙarƙashi. A sama kuma, duk watan Maris, dangin gauraka fiye da rabin miliyan suna sauka a kogin Platte na Nebraska su huta kafin su ci gaba zuwa arewa.

To, wannan ita ce ƙasar da baƙi suka tarar. Da jirgin ƙasa ya haɗa gabas da yamma a 1869, kuma majema suka gano hanyar sarrafa fatar ɓauna ta zama kirgi mai ƙarfi, sai maharba suka kwararo. Ana harbe dabba, a feɗe fata, a bar nama ya ruɓe. Wasu manyan hafsoshin soja sun yi maraba da haka, domin sun san ranar da ɓauna ya ƙare, 'yan asalin ƙasar ba su da zaɓi sai su miƙa wuya. Kafin ƙarshen shekarun 1880, daga miliyoyin nan 'yan ɗaruruwa ne suka rage a daji. Matalautan manoma suka riƙa tsince ƙasusuwa suna sayarwa, ana loda su a jirgi zuwa masana'antun taki da na tace sukari. Karen fireri kuma aka bi shi da guba, wai yana cinye ciyawar shanu. Waya mai ƙaya, wadda aka yi wa rajista a 1874, ta yanka filin gunduwa-gunduwa, ta tare hanyoyin dabbobi.

Saƙar saiwoyi ta fi ƙarfin tsohuwar garma, har baƙin farko suka riƙa yanka ta kamar tubali suna gina ɗaki da ita. A 1837 wani maƙeri a Illinois, John Deere, ya ƙera garmar ƙarfe mai santsi wadda laka ba ta manne mata. A 1862 gwamnati ta yi dokar ba da eka 160 ga duk wanda ya zauna ya noma ta shekara biyar. Da aka dace da shekarun ruwa, sai wata magana ta bazu, har da masu ilimi a cikin masu yaɗa ta, cewa noma da kansa yana jawo ruwan sama. A 1878 John Wesley Powell ya gabatar wa gwamnati rahoto yana gargaɗi cewa a yammacin filin, inda ruwa bai kai kimanin milimita 500 ba, noma ba zai ɗore ba sai da ban ruwa, kuma kiwo ne ya fi dacewa da wurin. Ba a saurare shi ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin alkama ya tashi, tarakta ta shigo, aka kifar da miliyoyin eka na gajeriyar ciyawa a Kansas da Oklahoma da Texas da Colorado. Ƙasar da jiya aka ce hamada ce, yau aka ce lambu ce.

Fari ya dawo a farkon shekarun 1930, kamar yadda ya saba dawowa. Farashin alkama ya riga ya faɗi, gonaki da yawa suna kwance tsirara. Iskar da ta saba wucewa ta kan ciyawa, wannan karon ta tarar babu saiwar da za ta riƙe ƙasa. A watan Mayun 1934 ƙura ta tashi daga filayen ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu biyu ta rufe Niyok da Washinton. Ranar 14 ga Afrilun 1935, wadda suke kira Baƙar Lahadi, bangon ƙura ya mayar da rana dare, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Yara da tsofaffi suka riƙa mutuwa da ciwon huhu, shanu suka mutu da ƙasa a cikinsu, iyalai dubun dubata suka loda kayansu suka bar gonakinsu. Mu mun san hazo, amma akasarin hazon da ke rufe mu a hunturu daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki. Su kuwa ƙurar da suka shaƙa gonakinsu ce da kansu, baƙar ƙasar da saiwa ta yi shekaru dubbai tana tarawa. Da na sani ƙeya ce.

Daga nan aka shiga gyara. Kwanaki kaɗan bayan Baƙar Lahadi majalisa ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma a ƙarƙashin Hugh Bennett. Aka koya wa manoma yin kunya a gicciye da gangare da barin karan amfanin gona a fili. Aka dasa itatuwa kimanin miliyan 220 a jere domin karya iska. Gwamnati ta saye gonakin da suka lalace ta mayar da su makiyaya, daga baya kuma, tun 1985, ta riƙa biyan manomi kuɗi ya bar gona mai rauni a ƙarƙashin ciyawa. Ɓauna ma an ceto shi: a 1907 aka ɗauki guda 15 daga gidan namun daji na Niyok aka kai su Oklahoma a jirgin ƙasa, yau kuma yawansu ya kai dubu ɗaruruwa, ko da yake akasarinsu a gandun kiwo suke, kuma ƙabilun asali suna ta mayar da garkuna ƙasashensu. Dabbar nan mai kama da tunku an ɗauka ta ƙare, sai a 1981 karen wani makiyayi a Wyoming ya kawo gawar guda ɗaya gida. Aka bi sawu, aka kama 18 da suka rage, daga cikinsu aka sake raya irin.

Sai dai ɓarna ta fi gyara sauri. Doguwar ciyawar gabas ta taɓa rufe kimanin eka miliyan 170. Abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa a tuddan Flint na Kansas yake, inda duwatsu suka hana garma shiga. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa tsuntsayen makiyaya na nahiyar sun ragu da fiye da rabi tun daga 1970. Noman da ake yi a busasshen yamma yanzu ya dogara ne kan wani tafkin ƙarƙashin ƙasa mai suna Ogallala, wanda ya ratsa jihohi takwas, kuma a sassa da yawa ana ɗibarsa fiye da yadda ruwan sama ke mayarwa. Mai noma gona yana iya shuka ciyawa iri biyar ko goma ya mayar, amma makiyayar asali tana da tsirrai ɗaruruwa, da ƙwari da ƙananan halittun ƙasa da suka saba da juna. Irin wannan ba a haɗa ta a rayuwar mutum ɗaya.

Ba mu kawo wannan labari don a kwafe shi kai tsaye ba. Dajinmu na ƙasar zafi ne, yana da kaɗanya da ɗorawa waɗanda gidaje ke ci daga gare su, kuma wutar da aka kunna a ƙarshen rani, lokacin da komai ya bushe ƙayau, tana ƙona su tana ƙona gonaki da rumbuna. Wutar da ta raya fireri mai lokaci ce, mai iyaka, a hannun waɗanda suka san ƙasar. Abin da ya shafe mu shi ne hukuncin ido. A zaurukan manyanmu, idan ana maganar fili, mun sha jin ana cewa, ai filin banza ne, ciyawa ce kawai a ciki. Mai faɗin haka bai tambayi abin da ke riƙe da ƙasar ba, bai tambayi garken wa ke bi ta nan da rani ba, bai tambayi inda ruwa zai nufa ranar da aka kankare ta ba.

Mu kuma, a garuruwan da muke zaune, mun tarar da waɗanda suka riga mu sanin ƙasa. Kakanninmu sun zauna lafiya a zango-zango ne domin sun riƙe maganar nan cewa da ɗan gari akan ci gari: sukan tambayi mai ƙasa ina ake haƙa rijiya, ina ne ba a nomawa, kuma don me. Baƙin fireri sun tarar da mutanen da suka yi ƙarnuka suna karanta wuta da ɓauna da fari, suka kore su ba tare da sun tambaye su komai ba, sai da ƙura ta koya musu abin da tambaya ɗaya za ta iya koya musu. Duk wanda zai sa garma ko tubali a filin da ya tarar da ciyawa a kansa, ya fara neman tsofaffin manoma da makiyayan wurin, ya ji abin da ya sa aka bar shi haka.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu huta lafiya.